Sharhi a kan Sabbin Littattafai da Finafinan da Malamai Za Su Iya Ara

Ɗakin littattafan malamai ya rarraba takardar da ya saba rarrabawa, mai ɗauke da sunayen littattafai da finafinan da suka shigo hannunsa, waɗanda duk malamin da ke da katin aro zai iya ɗauka ya tafi da su. Manufar wannan sharhi ita ce a duba kayan da ke cikin takardar da idon mai koyar da Hausa, wato malamin makarantar harshe biyu da malamin yaƙi da jahilci, don a ga abin da zai amfane su da kuma inda aka bar musu giɓi. Ba za mu bi takardar layi-layi ba. Littattafan lissafi da na kimiyya da na dabarun koyarwa da ke cikinta da Faransanci aka rubuta su, kuma akwai waɗanda suka fi mu cancantar yin magana a kansu.

Da farko ya kamata a fahimci ma'anar "sabo" a irin wannan takarda. Abin da ake nufi shi ne sabon shigowa kan kanta, domin wasu daga cikin littattafan sun girmi kakannin ɗaliban da za a karanta wa su. Wannan ba aibu ba ne, tun da littafin da malami bai taɓa riƙewa ba sabo ne a wurinsa ko da an buga shi shekara 90 da suka wuce. Amma yana da kyau masu tsara ayyukan ilmi su lura da shi, saboda yana nuna yadda ɗab'in littattafan Hausa yake tafiyar hawainiya a wannan ƙasa.

Littattafan hira da ke cikin jerin duk na Zariya ne: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda suka fito daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East aka buga su a 1934, sai kuma Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku, da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Ba sai an tsaya yabon waɗannan ba. Kowa ya san cewa a kansu ne aka gina daidaitacciyar Hausa ta rubutu, kuma malamin da bai karanta Imam ba bai san iyakar abin da jimlar Hausa za ta iya ɗauka ba. Abin da kawai za a tunatar shi ne, Hausar da ke cikinsu ta gabas ce, mai jiɓi da ta Kano, kuma yaron Tawa ko na Dogon Dutsi zai ci karo da kalmomi da sigogin da bai taɓa ji a bakin uwarsa ba.

Ƙamusoshi biyu ne aka kawo. Akwai Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdu Mijinguini, wanda ya fara fitowa a Yamai a 1987, da kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda ke bayyana kalmar Hausa da Hausa. Duka biyun na da amfani, sai dai ƙamus ba abin aro ba ne. Littafin da ake buɗewa sau goma a yini, idan aka ce a mayar da shi ranar da wa'adi ya cika, an ba malami ɗanɗano ne kawai. Wurin zaman ƙamus shi ne teburin kowace makaranta, kuma kuɗin da ɗakin aro ya kashe a kansa da an sa shi a wani abu dabam.

Sai littattafan bincike. An kawo Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya (1988), wanda ya bi tarihin rubuce-rubuce cikin Hausa tun daga ajami har zuwa boko, kuma shi kaɗai ne a wannan rukuni da aka rubuta da Hausa. An kawo littafin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar, da babban nahawun Paul Newman na 2000, na farko da Faransanci, na biyu da Ingilishi. A fannin tarihi akwai littafin André Salifou na 1971 a kan Damagaram a ƙarni na 19 da na Djibo Hamani na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa. Waɗannan ayyuka ne masu nauyi, amma ga abin da ya fito fili idan aka jera su wuri ɗaya: duk littafin da ke magana a kan Hausar wannan ƙasa ko tarihin garuruwanta, da wani harshe aka rubuta shi, duk kuma wanda aka rubuta da Hausa, daga ƙetaren iyaka ya zo, in ban da rabin ƙamus ɗin Mijinguini.

A ɓangaren finafinai al'amarin ya juya, kuma a nan ne muke ganin dukiyar takardar take, ko da yake waɗanda suka shirya ta ba su nuna alamar sun san da haka ba.

Akwai finafinai biyu na Sani Magori, mutumin Galmi, wanda ya yi karatun aikin gona kafin ya shiga harkar fim. Na farko ya fito a 2008, sunansa na Faransanci Pour le meilleur et pour l'oignon. Ba wasan kwaikwayo ba ne, mutane ne na gaske aka bi da na'urar ɗaukar hoto. Wani manomin albasa ne a Galmi ya ɗaura alkawarin aurar da ɗiyarsa a kan girbi, bayan an daɗe ana ɗage bikin, dangin miji sun matsa, mutanen gari kuma sun fara tsegumi. Daga nan sai komi ya rataya a kan albasa: ko za ta yi kyau, ko farashi zai tashi, ko a sayar yanzu ko a jira. Wanda ya san hanyar Ƙonni zuwa Madawa ya san cewa albasar Galmi har Abijan da Ankara take kaiwa, kuma ya san cewa manomin da ya noma ta ba shi ke yanka mata farashi ba.

Mu duba abin da ke cikin wannan fim ta fuskar aikinmu. Na ɗaya, akwai harshe. Hausar da ake ji a ciki ta yamma ce, irin wadda Caron ya bayyana makwabciyarta da Faransanci, wadda a cikinta ake cewa "shina" a maimakon "yana", "munka" da "sunka" a maimakon "muka" da "suka", "zamna" da "amre" a maimakon "zauna" da "aure", ana kuma cewa "tahi" da "hwaɗi" inda mutumin Kano zai sa "f". Ga ta nan a bakin tsoho da tsohuwa da saurayi da budurwa, cikin ciniki da gardama da rarrashi da zolaya, ba wanda ya gyara maganarsa don mai bincike yana zaune da alƙalami. Duk wanda ya taɓa fita neman samfurin magana ya san wuyar samun irin wannan, domin da zarar an ajiye na'ura a gaban mutum sai ya koma yin Hausar rediyo. Na biyu, akwai kalmomin sana'a, tun daga iri da dashe da ban ruwa har zuwa rudu inda ake adana albasa, da buhu da dillali da bashi. Na uku, akwai lissafi, domin labarin gaba ɗaya lissafi ne: buhu nawa, a nawa, a cire nawa, saura nawa. A shekarun 1960 da 1970 ma'aikatan yaƙi da jahilci sun yi ƙoƙarin ɗaura karatu a kan sana'ar mai koyo, har aka koya wa manoma awo da riƙe littafin kuɗi a kasuwannin gyaɗa na ƙungiyoyin haɗin kai a yankunan Maraɗi da Damagaram. Da masu wancan aiki sun sami fim irin wannan, da sun fitar da darussan wata uku daga cikinsa.

Amma malamin da ya ari fim ɗin yau, me zai samu a rubuce? Fassarar Faransanci ce a ƙasan hoto, ita ma taƙaitacciya, kamar yadda irin wannan fassara ta gada, domin dole ta shiga layi biyu kafin hoto ya wuce. Karin magana sai ya koma bayani, habaici ya koma magana miƙaƙƙiya, gaisuwa mai tsawo ta koma kalma ɗaya. Hausar kanta babu inda aka rubuta ta. Ta shiga kunne ta fita, ba a bar wa mai koyon karatu ko layi ɗaya da zai ɗora yatsa a kai ba.

Fim na biyu na Magori, na 2010, ya fi na farko zurfi, ko da yake bai kai shi sauƙin amfani a aji ba. Wata tsohuwar zabiya ce wadda a zamanin ƙuruciyarta waƙoƙinta suka zuga samarin yankin suka tafi cin rani bakin teku, da yawansu kuma ba su komo ba, har da mahaifin mai fim ɗin. Sai ya roƙe ta su kama hanya tare zuwa Abijan, ta yi wata waƙar da za ta kira su gida. Ga masu nazarin adabin baka wannan shaida ce a kan abin da muke yawan faɗa ba tare da hujja a hannu ba, wato cewa waƙar zabiya aiki take yi a cikin jama'a, tana tayar da mutum daga zaune tana kuma iya sa shi kunya. Sunan fim ɗin da Hausa yake, amma a takardar aro an rubuta shi Koukan Kourcia, yadda masu rarraba shi suka rubuta. Ba za a zargi ɗakin littattafai da kwafe abin da ke jikin faifai ba. Sai dai malamin da ya yini yana koya wa yara cewa "u" ita ce "u", ba a haɗa ta da "o", ya cancanci a rubuta masa Kukan Kurciya a gefe. Tun taron Bamako na 1966 aka raba rubutun harsunanmu da ƙa'idar Faransanci, taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, aka kuma tabbatar da ƙa'idar da dokar ma'aikatar ilmi a 1999. Abin da ya rage shi ne a ga ƙa'idar a kan takardun da malamai ke karɓa.

Fim ɗin Aisha Macky mai suna Zinder, na 2021, yana buƙatar gargaɗi, kuma takardar ba ta yi shi ba. Ya shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram, wadda asalinta wurin da aka keɓe kutare ne, ya zauna da samarin ƙungiyoyin da ake kira palais da Faransanci, masu ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin man fetur daga kan iyaka, wasunsu sun sha zaman kaso. Akwai tabon wuƙa a jikin mutane, akwai matan da ke ba da labarin abin da aka yi musu. Ba fim ɗin da za a kunna wa ƴan firamare ba ne, kuma ko a manyan azuzuwa sai malami ya kalle shi shi kaɗai tukuna. Amma muna ganin ya kamata a nuna shi a kowace makarantar horon malamai, saboda mafi yawan waɗanda ke magana a cikinsa mutane ne da makaranta ba ta karɓa ba ko ba ta riƙe ba, kuma su ne ainihin waɗanda ake rubuta sunansu a takardun shirin yaƙi da jahilci ba tare da an taɓa jin muryarsu ba. Mai fim ɗin ƴar garin ce, shi ya sa suka saki jiki da ita. Hausar da suke yi ta samarin birni ce, ta bambanta da ta Galmi nesa ba kusa ba, kuma wanda ya kalli finafinan biyu a jere ya sami darasin karin harshe da ya fi na kowane littafi da ke cikin jerin.

Game da Sarraounia na Med Hondo (1986) ra'ayinmu ya rabu biyu. Fim ne babba, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987, kuma ya nuna ɓarnar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a 1899 ba tare da sassauci ba. An ɗauko shi daga littafin Abdullahi Mamani na 1980, wanda shi ma da Faransanci aka rubuta shi. To amma a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, da ƴan wasan can, saboda haka Sarauniyar Lugu, wadda Hausar Arewa ce harshenta, ba ta magana da Hausa a ciki. Malamin tarihi zai amfana da shi matuƙa, muddin ya bayyana wa ɗalibai cewa Mamani ƙagaggen labari ya rubuta a kan abin da ya faru, ya ƙara abin da ya ƙara. Malamin Hausa kuwa, idan sunan ya ruɗe shi ya yi tafiya don ya aro shi, zai koma da abin da ba zai yi masa aiki ba. Kalma ɗaya a takardar, wadda ke faɗin harshen fim, da ta hutar da shi.

Wuri ɗaya ne tak a cikin jerin inda littafi da fim suka haɗu cikin Hausa, wato Shaihu Umar. Adamu Halilu ya mayar da littafin fim a 1976. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano shi a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka sake nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Yana da tsawo, ya haura awa biyu, kuma tafiyarsa a hankali take, saboda haka sai an yanka shi kashi-kashi kafin a kai shi aji. Amma a nan malami zai iya yin abin da ba zai iya yi da sauran ba: a karanta babin da aka sace Umar yana yaro, ko inda uwarsa ta bi sawunsa har ta faɗa hannun masu bauta, sa'an nan a kalli yadda aka nuna shi, a tambayi ɗalibai me aka bari, me aka ƙara, me ya sa. Labarin kuma ba baƙo ba ne a nan, domin ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Arewacin Afirka ta cikin ƙasar nan yake ratsawa. Abin mamaki shi ne takardar ta sa littafin a shafin adabi, fim ɗin kuma a shafin ƙarshe tare da sauran faya-fayai, ba wata alama da ke nuna cewa abu ɗaya ne.

Daga abin da ya gabata za a ga inda matsalar take. Littattafan suna da rubutu amma ba su da muryar mutanenmu, finafinan suna da muryar amma ba su da rubutu. Tun 1973 da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda aka fara koyar da yara da Hausa, kukan malamai bai sauya ba, wato yaro ya iya haɗa baƙi amma babu abin da zai karanta bayan littafin aji. Haka ma manyan da suka fito daga cibiyoyin yaƙi da jahilci, waɗanda karatunsu ke zubewa bayan shekara biyu ko uku don rashin abin karantawa. Dokar ilmi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, kundin da aka kafa a watan Maris na 2025 kuma ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Doka ba ta haifar da littafi. Ga shi kuwa a kan kantar ɗakin aro akwai awoyi na magana mai rai, wadda an riga an ɗauka, an tace, an tsara ta cikin labari mai jan hankali, ba abin da take jira sai mai rubutawa.

Shawararmu ita ce a nemi izinin masu finafinan, domin haƙƙinsu ne, a rubuta maganar da ke cikin na Magori biyu da zaɓaɓɓun wurare daga na Macky, a buga su ƙananan littattafai da za a riƙa bayarwa tare da faifan. Aikin bai fi ƙarfin ɗaliban sashen nazarin harsuna na jami'a ba, kuma zai zame musu horo mai kyau.

Tambayar da za ta taso, wadda muka san za a yi gardama a kanta, ita ce da wace Hausa za a rubuta. Akwai masu ganin cewa duk abin da zai shiga hannun mai koyo dole ya bi daidaitacciyar Hausa, don kada a rikita shi. Muna girmama wannan ra'ayi, amma a nan ba mu bi shi ba. Idan tsohon Galmi ya ce "munka" a cikin fim, mai koyo kuma ya ga "muka" a takarda, an koya masa cewa rubutu ba ya faɗin abin da kunne ya ji, alhali kuwa amfanin haɗa fim da takarda shi ne ya gane cewa yana faɗi. A rubuta yadda aka furta, da baƙaƙen da doka ta tabbatar, sa'an nan a sa daidaitacciyar siga a shafin da ke fuskantarsa. Ta haka mai koyo zai ga hanyar da ke tsakanin maganar gidansu da Hausar Imam, ya bi ta da ƙafarsa, mai bincike kuma ya sami matani amintacce na karin harshen da har yanzu ba a rubuta shi da yawa ba. Bargery ma, a ƙamus ɗinsa na 1934, bai zubar da kalmomin Sakkwato da Katsina da Gobir ba, ya shigar da su ya sa musu alama.

Akwai kuma batun na'ura, wanda ba za mu tsawaita a kansa ba. Makarantun karkara da yawa ba su da wutar lantarki, kuma faifan da babu abin kunna shi kaya ne kawai a cikin jaka. Mafi yawan malamai a wayar hannu za su kalli fim in sun samu, saboda haka sai a yi tunanin sigar da za ta shiga waya, bisa yardar masu shi.

Kafin a kai ga duk wannan, akwai gyaran da bai buƙatar kasafin kuɗi. A takarda ta gaba, a gaban kowane fim a rubuta harshen da ake magana da shi a ciki, da harshen fassarar da ke ƙasan hoto, da tsawonsa, da shekarun waɗanda ya dace a nuna wa. Inda sunan na Hausa ne a rubuta shi da ƙa'idar Hausa, inda kuma akwai littafin da ya yi daidai da fim, kamar Shaihu Umar da Sarraounia, a sa lambar littafin a gefensa don malami ya ɗauke su tare.